Gefen Wa Kyamara Take? Daftarin Aikin Nazarin Fim

5 ga Janairu, 2025

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa: doguwar maƙala a kan tambaya guda. Ta yaya fim ke sa mai kallo ya koma bayan wani mutum, ya ji ciwonsa a jikinsa, ya kuma ɗaure wa wani fuska, tun ba a furta kalmar da ke nuna mai gaskiya ba? A nan zan riƙa ajiye abin da na samu da abin da ya cije, har maƙalar ta kammala.

Abin da ya tunzura ni shi ne irin sharhin fim da ya fi yawa. Mai sharhi zai kwaso labarin tun daga farko ya zube maka: wane ya ci amanar wance, wance ta yi haƙuri, a ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Sai ya yanke hukunci, fim ya faɗakar ko bai faɗakar ba, ya ajiye alƙalami. Irin wannan sharhi ana iya rubuta shi daga takardar labari ko da ba a taɓa kunna kyamara ba. To ina aikin mai ɗaukar hoto, da mai tacewa, da mai haɗa sauti? Abin da suka ƙara, wanda babu shi a takarda, shi nake son kamowa.

Ba zan ɗauki fim sukutum ba. Fitowa ɗaya zan ciro daga kowanne in zauna a kanta. Zan kalle ta yadda aka yi ta, in sake kallo da sauti a kashe, in saurare ta ba tare da duban allo ba, sannan in bi ta ɗauka bayan ɗauka, wato daga wannan yanka zuwa na gaba. Kowace ɗauka da layinta a jadawali: tsawonta, nisan kyamara da tsayinta, wanda ke cikin firam, wato iyakar hoton da ke kan allo, da wanda aka bari a waje, inda haske ya fito, da abin da kunne ke ji. Sharaɗin da na kafa wa kaina shi ne ba zan rubuta "abin tausayi" ko "ya burge" ba sai na gama rubuta abin da ido ya gani.

Finafinan da na zaɓa tsofaffi ne, na Rasha da Jamus da Italiya da Japan da Senegal, tsakanin 1925 da 1966. Kayan aikinsu kaɗan ne, shi ya sa duk zaɓin da darakta ya yi yake fitowa fili.

19 ga Janairu

Na fara da fitowar matakalar Odesa a fim ɗin Sergei Eisenstein na 1925, Potemkin, wanda ya ɗauko boren da sojojin wani jirgin ruwan yaƙi suka yi a 1905. Jama'ar gari sun cika doguwar matakala suna ɗaga wa jirgin hannu, sai dakarun sarkin Rasha suka ɓullo daga sama suna saukowa suna harbi.

Layin "wa ke cikin firam" ne ya fara ba ni amsa. Mutanen gari suna da fuskoki: uwar da ta rungumi ɗanta da aka harba ta juya tana hawowa ita kaɗai, dattijuwar da ke sanye da tabarau, matashiyar da ta kare keken jaririnta da jikinta. Dakaru kuwa takalma ne a jere suna taka matakala tare, bindigogi ne a jere, dogayen inuwoyi ne da suka faɗa kan waɗanda aka kayar. Sau da yawa ta bayansu ake ɗaukar su. Sai a can ƙarshe aka kusanto fuskar ɗaya daga cikinsu, shi ma a lokacin da yake kai sara. Wanda aka ba shi fuska ya zama mutum a zuciyarka ko ba ka san sunansa ba. Wanda aka hana shi fuska ya zama inji. Ba sai an rubuta maka wane ne azzalumi ba, nisan kyamara ya gama magana.

Sai kuma lokaci. Da gudu na gaske ake yi, da an gama sauka nan da nan, amma Eisenstein ya ja fitowar ta ɗauki mintuna. Yana yankawa daga taro zuwa fuska zuwa takalma, yana ɗan komawa baya yana maimaita motsi. Keken jariri na bakin mataki, tayoyinsa na rawa, a yanka a tafi wani wuri, a dawo, har yanzu bai gangara ba. Wannan jiran shi ke ɗaure ka da jaririn.

Ga abin da ya sa nake ganin wannan nazari ba wasa ba ne. An kashe mutane a Odesa a 1905, amma ba a kan wannan matakala yadda fim ya nuna ba. Duk da haka mutane da yawa sun ɗauki fitowar a matsayin tarihi. Dabarar da ta sa ka tausaya wa talakawan nan, da an juya kyamara aka ba dakaru fuska aka mayar da jama'a tarin ƙafafu, ita ce za ta sa ka ga 'yan tarzoma ne ake kwantarwa.

A 'yan shekarun da suka gabaci wannan fim ne Lev Kuleshov, malamin fim a Mosko, ya yi gwajinsa da ya shahara. Ya ɗauki fuskar jarumi Ivan Mosjoukine wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hotuna daban-daban, daga ciki har da kwanon miya da akwatin gawa. Masu kallo suka ga yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ɗaya ce. Ainihin zaren gwajin ya ɓace, labarinsa kawai ya rage daga bakin Kuleshov da ɗalibinsa Pudovkin. Zan kawo shi a maƙala, amma a matsayin shaidar masu sana'a, ba hujjar da aka tabbatar ba.

Matsala ɗaya ta taso. Finafinan da ba su da murya ba su da tsayayyen gudu, domin da hannu ake juya kyamara. Sai da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsayar da firam 24, wato hotuna ɗaiɗai 24, a kowane sakan. Saboda haka kwafi biyu na Potemkin na iya bambanta a tsawo, kiɗansu ma daban: akwai na Edmund Meisel na 1926, akwai kuma kwafin 1976 da aka ɗora wa kiɗan Shostakovich. Na yanke shawarar ƙirga firam maimakon sakan a wannan fim.

2 ga Fabrairu

Aikin awo kawai na yi a kwanakin nan. Barry Salt ne ya kawo wannan hanya a 1974: a raba tsawon fim da yawan ɗaukarsa, a samu matsakaicin tsawon ɗauka. David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 yawancin finafinan Amurka suna tsakanin sakan 8 zuwa 11, daga baya yanka ya yi ta ƙara sauri. A 2005 Yuri Tsivian ya buɗe rumbu a intanet inda masu nazari ke tara irin waɗannan alƙaluma.

Awon yana da amfani idan ana kwatanta zamani da zamani. Ga tambayata kuwa matsakaici ɓoye gaskiya yake yi. Abin da nake nema shi ne inda tsawo ya sauya: ana ta yanka da sauri, sai kwatsam aka tsaya a kan fuska ɗaya aka ƙi matsawa. Wa aka ba wannan dogon lokaci? Na ƙara sabon layi a jadawali domin wannan.

16 ga Fabrairu

M na Fritz Lang, 1931, fim ɗinsa na farko mai sauti. Na ɗauki buɗewarsa. Wata uwa a gidan bene tana jiran 'yarta Elsie ta dawo daga makaranta. Agogon bango ya buga, 'ya'yan maƙwabta sun hawo sun wuce, nata shiru. A can titi yarinyar na buga ƙwallo a jikin sanarwar neman mai kashe yara, sai inuwar wani mutum mai hula ta faɗa kan rubutun, aka ji muryarsa yana yaba ƙwallon. Ya saya mata balan-balan wurin wani makaho, yana fito da baki.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin zaɓen fim ɗin. Uwar ta leƙa tana kiran sunan 'yarta. Ana jin kiran, amma ba ita ake nunawa ba. Ana nuna matakalar bene ba kowa, ɗakin shanya ba kowa, kujerar yarinyar da farantinta ba a taɓa ba. Muryar na raguwa har ta ɗauke. Sai ƙwallo ya gangaro daga cikin ciyawa ya tsaya, balan-balan ya maƙale a wayoyin sama. Ba a nuna kisan ba, ko ƙara ba a ji ba.

Da na kashe sauti, waɗannan hotuna sun koma wurare kawai, bene da ɗaki da tebur. Da na saurara ban duba ba, na ji mace na kiran yaro, abin da ake ji kullum. Firgicin ba ya cikin ɗaya daga cikinsu, sai an haɗa. Muryar ce ke mayar da kowane wuri amsa: ba ta nan, nan ma ba ta nan. Ana cewa gani ya kori ji, amma a fim sau da yawa ji ne ke gaya wa ido abin da ya gani. Michel Chion, masanin sautin fim na Faransa, ya yi dogon bayani a kan haka: sauti na ƙara wa hoto ma'ana, mai kallo kuma ya rantse a hoton ya gan ta.

Lang bai sa kiɗan rakiya a fim ɗin ba. Kiɗan da ke ciki shi ne wannan fito, wani ɗan zango daga waƙar Edvard Grieg, kuma da shi makahon ya gane mai kisan daga baya. Wanda ba ya gani shi ya gano abin da ya gagari 'yan sandan gari. Darakta da ya fito daga zamanin fim mara murya ya ɗora dukan labarinsa a kan kunne, kuma ya san inda zai yi shiru. Na daɗe ban ga aikin da ya girmama mai kallo haka ba.

Amsa ta biyu ke nan ga tambayata: ana iya sa ka bayan mutum ba da fuskarsa ba, da muryarsa, idan aka bar ta tana yawo a wuraren da ba ta samun amsa.

1 ga Maris

Na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana tace fim jadawalina. Ya duba a natse, sannan ya ce, "Ɗana, lissafinka ya yi. Amma ka zana ɗakin?" Na ce, "Wane ɗaki, Malam?" Ya jawo takarda ya ɗiga ɗigo biyu, ya ja layi tsakaninsu, ya ce duk inda mutum biyu ke magana akwai wannan layi ko ba a gan shi ba. Muddin kyamara na gefe ɗaya, wanda ke duban dama zai ci gaba da duban dama, mai kallo ba zai rikice ba. Ta tsallaka, sai ka ga kamar su biyun waje ɗaya suke kallo. Ya ce in riƙa zana kowace fitowa daga sama, in sa alama a duk inda kyamara ta tsaya.

Ya kuma tuna mini jerin Walter Murch, shahararren mai tacewa na Amurka, na abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanka. Murch ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, ya ba daidaiton wuri kashi 4 kacal. Malam ya ce layin nan doka ce ta masu koyo, gwani na karya ta idan ya san abin da zai samu a madadinta.

Na koma na zana fitowar Odesa da ta M.

15 ga Maris

Tokyo Monogatari na Yasujiro Ozu, 1953. Wannan fim ya girgiza tambayar tawa, kuma na ji daɗin haka.

Tsofaffi biyu sun taso daga garin Onomichi su ziyarci 'ya'yansu a Tokyo. Ɗansu likita ne, 'yarsu na da shagon gyaran gashi, kowa hidima ta sha masa kai. Wadda ta kula da su ita ce Noriko, matar ɗansu da yaƙi ya ci. Bayan sun koma gida uwar ta rasu. Fitowar da na ɗauka ita ce ta kusa da ƙarshe, inda tsohon ya ce wa Noriko ta manta da ɗansa ta yi aure, ya miƙa mata agogon marigayiyar, ita kuma ta ce ba ta kai yadda suke zato ba, ta rufe fuska da hannuwa tana kuka.

Zanen da Malam ya koya mini ya nuna abin mamaki. Kyamara tana ƙasa ƙwarai, daidai da mazauna tabarma ko ƙasa da haka, kuma kusan ba ta motsi a dukan fim ɗin. Ozu ya saba aiki da gilashin kyamara mai milimita 50, wanda ba ya faɗaɗa wuri ba ya matse shi. Layin nan kuwa tsallake shi yake yi yadda ya ga dama. Ba ya ɗaukar mai magana ta kan kafaɗar abokin maganarsa. Yana dasa kyamara a tsakaninsu, mai magana ya fuskance ka kusan kai tsaye, a yanka, ɗayan ma ya fuskance ka. Kai ne tsohon idan Noriko na magana, kai ne Noriko idan tsohon na magana.

Da ta fashe da kuka na jira kyamara ta matso, domin haka aka saba. Ba ta matso ba. Sai na koma baya na duba yadda aka ɗauki 'yar mai shago, wadda ta nemi kayan uwarta tun ba a gama zaman makoki ba. Tsayin kyamara ɗaya, nisa kusan ɗaya. Ba a duhunta mata fuska ba, ba a ɗauke ta daga wani kusurwa da zai muzanta ta ba. Ozu ya ba mai kirki da mai son kai wurin zama iri ɗaya a firam. Rasuwar uwar ma ba a nuna lokacinta ba, an tsallake, an bar ka da gari da ruwa da safiya.

Na shigo wannan aiki da tunanin cewa kyamara kullum tana da gefe. Yanzu dole maƙalar ta buɗe babi ga daraktan da ya ƙi zaɓar gefe da gangan, ya bar maka hukunci. Kuma hukuncin na yin nauyi, domin wanda aka zaunar da shi a mazaunin 'yar mai shago na ɗan lokaci ba zai iya cewa bai san irin wannan uzuri ba. Wannan ƙin zaɓe shi ma zaɓi ne, kuma a ganina ya fi na Eisenstein wuya.

29 ga Maris

Ladri di biciclette na Vittorio De Sica, 1948, fitowar ƙarshe. Mutumin da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi ya gaji da nema, ya ga wani keke a jingine kusa da filin ƙwallo. Ya ba ɗansa kuɗin mota ya ce ya tafi. Yaron bai samu shiga ba, sai ya juyo ya ga ana bin ubansa da gudu ana ihun ɓarawo.

Jadawali ya nuna inda fitowar ta juya. Kafin satar, idon uban muke bi: shi, keke, shi, tarin kekunan 'yan kallo. Daga lokacin da ya hau, aka miƙa mu ga yaron. Abin da ke ƙona mu ba kamun ba ne, ganin yaron ne. Mai keken ma da ya dubi yaron sai ya ce a sake shi. Fim ɗin ya sa wani a cikinsa ya yi irin kallon da ya riga ya sa mu yi.

André Bazin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Cahiers du Cinéma a 1951, ya so wannan fim ƙwarai. Shi ra'ayinsa yawan yanka na tilasta wa mai kallo, ya fi son a bar abu ya faru a gaban kyamara ido ya zaɓa. Gaskiya ne jarumin, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne ba ɗan wasa ba, kuma a titunan Roma aka ɗauka. Amma abin da na gani a jadawalina shi ne fitowa da aka tsara ta tsaf, kowane kallo an auna shi. Kamannin gaskiya ma gina shi ake yi.

12 ga Afrilu

Kafin in shiga fim ɗin Senegal na tsaya karatun tarihi, domin tambayar "gefen wa" ba ta tsaya a cikin firam ba. Akwai ta a kan wanda aka yarda ya riƙe kyamarar tun farko.

A 1934 Faransa ta kafa dokar da aka sani da sunan ministanta Pierre Laval, wadda ta wajabta neman izinin hukuma kafin a ɗauki fim a ƙasashen da take mulka a Afirka. A aikace ta toshe wa 'yan Afirka hanya. Shi ya sa Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka ɗauki Afrique sur Seine a Paris a 1955. A ɓangaren Ingila, an kafa sashen finafinan mulkin mallaka a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin jami'in lafiya a Najeriya. Ya shimfiɗa ƙa'idojin yi wa 'yan Afirka fim: a tafi sannu, a rage yanka, a guji motsa kyamara da duk wata dabara, wai ba za su gane ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ozu ya tsayar da kyamara don ya amince da hankalin mai kallo. Sellers ya tsayar da ita don ya raina shi. A jadawali za su iya fitowa da alƙaluma masu kama da juna. Saboda haka jadawali shi kaɗai ba ya isa, sai an san wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da lokacin da aka yi.

26 ga Afrilu

La Noire de… na Ousmane Sembène, 1966. Nan ne zuciyar maƙalar za ta kasance.

Sembène ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya zama marubuci, sannan ya tafi Mosko ya koyi fim a farkon shekarun 1960, domin ya ga mafi yawan mutanen da yake rubutu dominsu ba za su iya karanta littattafansa na Faransanci ba. Wannan fim, mai tsawon kimanin awa ɗaya, daga gajeren labarinsa ya ɗauko shi, kuma ya ci kyautar Jean Vigo a shekarar. Diouana, budurwa daga Dakar, ta bi iyayen gidanta Turawa zuwa Antibes da zaton rainon yara za ta yi ta kuma ga Faransa. Sai ta tsinci kanta tsakanin kicin da banɗaki da falo.

Na ɗauki fitowar wasiƙa. Takarda ta zo da sunan mahaifiyarta. Diouana ba ta karatu, don haka maigidan ne ya karanta da ƙarfi, ƙorafi ne cewa ba ta aiko da komai ba. Ya jawo takarda ya fara rubuta amsa a madadinta, yana cewa tana lafiya. Ita kuwa ta yayyaga wasiƙar.

Da sauti a kashe, abin da ake gani shi ne mutum biyu a zaune suna hidimar taimako, da wata da ta ƙi godiya. Idan aka kunna, sai komai ya kife, domin muna jin muryar zucinta wadda su ba sa ji. Ta san mahaifiyarta ba ta rubutu, wani ne ya rubuta. Ta san amsar da ake rubutawa ba tata ba ce. Wasiƙa ce daga uwa zuwa 'ya, amma babu kalmar ɗayansu a ciki. A cikin gidan nan iyayen gida na da baki, Diouana ba ta da shi. A cikin fim ɗin kuwa ita kaɗai ke da zuci, su ba a taɓa shigar da mu cikin tunaninsu ba. Sembène ya raba sautin gida biyu, ya ba su ɗaki, ya ba ta kunnenmu.

Hasken ma na aiki. Fim ɗin baƙi da fari ne, bangon gidan fari fat, kuma abu biyu ne ke fitowa a jikinsa: ita, da abin rufe fuska na katako da ta ba su kyauta a Dakar suka rataye don ado. Ba sai an faɗa ba, ido na haɗa su.

Akwai wani ƙulli da ba zan tsallake ba. Muryar zucin nan da Faransanci take, kuma ba ta jarumar ba ce, Mbissine Thérèse Diop. Toto Bissainthe ce, 'yar ƙasar Haiti, ta ɗora ta. Ke nan fim ɗin da ke kukan an ƙwace wa mace murya shi ma da aron murya ya ba ta magana. Ba na ganin wannan ya rage masa daraja. Yana nuna tsananin ramin da Sembène ke ƙoƙarin fitowa daga ciki, kuma shekara biyu bayan haka, a 1968, ya fito da Mandabi da harshen Wolof.

10 ga Mayu

Na shimfiɗa ƙashin maƙalar. Za ta buɗe da fitowar wasiƙa, daga nan ta koma baya zuwa fuska da nisa a Odesa, murya a M, miƙa kallo daga uba zuwa ɗa a Roma, sannan Ozu. Tarihin Laval da Sellers zai shiga tsakiya, ba a gefe ba. Babin Odesa da na M sun kammala a rubutun farko, na Ozu ya kai rabi.

Giɓi biyu na gani. Na farko, daraktocin nan duka maza ne, kuma ban yi maganar yadda ake ɗaukar jikin mace ba. Maƙalar Laura Mulvey ta 1975 a mujallar Screen ta yi hujjar cewa finafinan Amurka na da sun tsara kallo ne domin idon namiji, mace kuma abin kallo. Zan sake bin jadawalin Noriko da na Diouana da wannan tambaya, musamman inda uwargidan ta sa Diouana ta cire takalmanta masu tsini.

Na biyu, babu launi kuma babu waƙa a cikin zaɓina, alhali a Indiya tun fim na farko mai sauti, Alam Ara na 1931, waƙa ce ginshiƙi, kuma daga tsakiyar shekarun 1930 aka fara ɗora muryar mawaƙi a bakin jarumi. Wannan wata hanya ce ta shigar da mai kallo cikin zuciyar mutum da aron murya, kuma za ta zauna daidai kusa da babin Sembène. Ina neman fitowar waƙa ɗaya daga shekarun 1950 a kwafin da ba a datse ba. Waɗanda na samu an yanke musu sama da ƙasa don su cika allon zamani mai faɗi, alhali an ɗauke su ne a tsohon firam na 1.37 da 1, kuma da irin wannan kwafi layin "wa aka bari a waje" ba zai cika daidai ba. Kafin in samu, zan ƙarasa babin Ozu in kai wa Malam ya duba zanen.